Alamomin da muke gani a sansani: me suke nufi?

Jama'a, duk wanda ya zaga sansanin nan zai ga alamomi a jikin tantuna, motoci, buhunan abinci da rigunan ma'aikata. Rubutun da ke kansu galibi da Faransanci ne ko Turanci, mu kuwa da yawanmu ba mu karanta waɗannan harsuna. Shi ya sa hoto da launi suke da muhimmanci. Sai dai hoto ba ya magana da kansa, mutane ne ke yarda a tsakaninsu cewa ga abin da yake nufi. Makiyayi yana gane saniyarsa da shaidar da aka yi mata, amma baƙo in ya gani, tabo kawai zai gani. Haka alamomin ƙungiyoyin agaji suke, sai an faɗa wa mutum ma'anarsu.

Mu fara da wadda aka fi yi mana tambaya a kanta, wato jan kuros a kan farin ƙyalle. Wasu iyaye suna jin tsoron kai yara wurin da suka gan shi, suna zaton alamar addini ce. An amince da ita ne a Jeniba a shekarar 1864, domin sojojin da ke yaƙi su gane masu jinya da majinyata, kada su harbe su. Tutar ƙasar Suwizalan aka juya launinta, domin ita farin kuros ce a kan ja. Daular Usmaniyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha a 1876 zuwa 1878, aka kuma amince da shi a dokar duniya a 1929. A 2005 aka ƙara ta uku, mai kusurwa huɗu ja, saboda ƙasashen da ba su son ɗaya daga cikin biyun. Duk ukun saƙonsu ɗaya ne: nan wurin jinya ne ko taimako, haramun ne a kai masa hari. Ba a tambayar addinin kowa a bakin ƙofa.

Tambarin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya shuɗi ne: hannaye biyu sun yi wa mutum rumfa, ga rassan zaitun sun kewaye su. A Najeriya ana kiranta UNHCR, a Nijar da Kamaru da Chadi kuma HCR, hukuma ɗaya ce. Haka ma hukumar abinci, WFP da PAM abu guda ne. Motar da kuka ga an manna mata hoton bindiga an ja jan layi a kai, tana nufin ba a ɗaukar makami a cikinta.

Amma a nan sai a kula. Riga mai tambari ana iya sace ta, ana iya ɗinka ta a kasuwa, hula ma haka. Tambari yana nuna sunan ƙungiya ne kawai, ba ya tabbatar da halin wanda ya sa shi. Ma'aikacin gaskiya yana da katin shaida mai hotonsa, kuma ba ya fushi idan aka nemi gani. Rajista, katin abinci, magani da maganar kai mutum wata ƙasa duk kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko ya nemi mace ko yarinya da lalata kafin ya taimaka, ya aikata laifi ko da tambari goma ne a jikinsa. A kai rahotonsa ofishin kariya, za a rufa wa mai ƙara asiri.

Launin ja kuma ba ma'ana ɗaya gare shi ba. Allo ja mai kusurwa uku, da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, yana nufin akwai nakiya ko bam a binne. A wasu wurare duwatsu ake shafa wa fenti: ɓangaren ja shi ne haɗari, ɓangaren fari shi ne inda aka tsabtace. Masu zuwa itace, makiyaya da masu shirin komawa gida su riƙe wannan sosai. Kada a ƙetare allon, kada a cire shi a yi murfin tukunya ko a toshe ɗaki da shi, domin wanda zai biyo baya ba shi da wani gargaɗi sai shi. Kuma rashin allo ba ya nufin wuri lafiya yake. Wani lokaci mutanen gari sanduna biyu suke gicciyawa ko su tara duwatsu. A koya wa yara kada su taɓa ƙarfen da ba su sani ba.

Iyaye mata sun san madaurin da ake auna damtsen yaro da shi, daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore yana nufin damtsen ya kai santimita 12.5. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara kama shi. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar rabon abinci. Tawadar da ake shafa wa ƙaramin yatsan yaro bayan ɗigon shan inna kuwa shaida ce kawai cewa an ba shi, za ta goge da kanta.

Wasu hotunan, gaskiya, ba da mu aka zana su ba. Hoton mace mai siket da namiji mai wando a ƙofar bayan gida yana rikita tsofaffi, domin a wurinmu namiji ma yana sa doguwar riga. Idan akwai alamar da ba ku gane ba, ko wadda kuke ganin ta saɓa wa al'adarku, ku faɗa wa shugaban unguwarku ko ku zo ofishin kariya. Akwai tafinta, kuma ana iya sake zanen.