Sanyaya kwamfuta da ruwa: abin da ya kamata a sani kafin a kashe kuɗi

A watannin Afrilu da Mayu, zafi a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi yakan haura digiri 40. A lokacin ne kwamfutar tebur ke fara nauyi ko ta mutu ana tsakiyar aiki. Dalili kuwa shi ne, idan ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, ta kusanci digiri 95 zuwa 100, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Wannan ya sa masu haɗa bidiyon biki da masu wasannin kwamfuta ke sha'awar sanyaya ta da ruwa.

Tsarin daidai yake da na lagireton mota. Ana ɗora wani farantin tagulla a kan furosesa, ƙaramin famfo ya tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya kwashi zafi ya bi tiyo zuwa lagireto, fankoki su hura zafin waje, sannan ruwan ya dawo.

Amma ba kamar randa ba ne. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu iska tana busar da shi. Ruwan kwamfuta a rufe yake, don haka ba zai taɓa fin iskar ɗaki sanyi ba. Idan ɗakin kwano ya kai digiri 42, daga nan ruwan zai fara. Inuwa da shigar iska su ne matakin farko.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai rufaffe, wanda kamfanoni irin su Corsair da Cooler Master ke cikawa tun daga masana'anta, da lagireto mai milimita 120, 240 ko 360. Shi ya fi dacewa da sabon shiga. Kafin saye sai a auna akwatin kwamfuta, a kuma tabbatar maɗaurinsa ya dace da mazaunin furosesa, na Intel ne ko na AMD. Wajen ɗaurawa, kada famfo ya zama shi ne mafi tsayi, domin iska za ta taru a cikinsa.

Na biyu shi ne wanda mutum ke haɗawa da kansa. Ba a zuba masa ruwan rijiya ko na famfo, saboda gishirin cikinsu yana toshe hanyoyi. Tataccen ruwa ake sawa da maganin hana tsatsa. Ba a haɗa tagulla da alminiyam, domin ɗaya yana cin ɗaya. Akan kuma bar famfo shi kaɗai ya yi ta juyawa kamar awa 24 don gano yoyo kafin a ba sauran kayan wuta.

Sauran abokan gaba biyu su ne ƙura da wuta. Ƙurar hunturu tana like haƙoran lagireto, sai an riƙa hure ta akai-akai. Wutar NIGELEC kuwa idan tana hawa da sauka, na'urar daidaita wuta ta zama dole.

Wanda aikinsa rubutu ne da buga takardu ba ya bukatar wannan ɗawainiya. Share ƙura, sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, da babbar fanka mai kyau sun ishe shi, kuma babu ɗigon da zai lalata masa jari.