Daga Danƙo Zuwa Madubin Hangen Nesa

Duk wanda ya tashi a karkara ya san yaron nan da ba ya rabo da danƙo a wuya. Ya san bishiyar da kurciya ke kwana, ya san sa'ar da fakara ke fitowa kiwo, yana iya laɓewa rabin wuni ko tari ba zai yi ba. Idon da masana tsuntsaye ke shekara da shekaru suna horarwa, shi ya same shi tun bai cika goma ba. Abin da ya rasa kawai babban da zai fita da shi da sassafe ya nuna masa cewa kallo ma sana'a ce.

Ga mutumin Arewa, Dagona ce makarantar. Tana ƙasar Bade a Jihar Yobe, cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Sunanta ya kai nesa, har Yarima Philip na Ingila ya ziyarce ta a 1989. Da hunturu agwagin ruwa kan tsallako Sahara daga Turai su sauka nan, su cuɗanya da dinya da kirinjijiya 'yan gida.

Jagora nagari ba ya fara wa yara da sunayen Latin. Sai ya zaunar da su rana na bayansu, a yi tsit. Ga zalɓe can tsaye cikin ruwa, wuya a lanƙwashe, kamar an kafa shi. Ƙiftawar ido sai ga kifi na mutsu-mutsu a bakinsa. Yaron da ya ga wannan ta madubin hangen nesa yakan manta da numfashi. Can wani zai ce, "Malam, ina shamuwa?" Tambayar da ake jira ke nan: ta yi ƙwai a garinsu da damina, yanzu tana kudancin Afirka, za ta dawo da ruwan farko.

Abin da ke damuna shi ne lokaci na ƙure mana. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai. Ungulu da ke cika mahauta muna yara, yau sai an tona. Na tambayi 'yan aji shida su siffanta mini gauraka, ɗaya kaɗai ya ɗaga hannu, shi ma a jikin tambarin wata makaranta ya gan ta.