Yoyon Iska a Akwatin Giyar Babbar Mota

Sau da yawa akan kawo wa hakimi ko magatakardansa takardar biyan kuɗin sabon bawul na canjin giya, alhali kuwa tsohon lafiyarsa ƙalau. Ya kamata wanda zai sa hannu ya san yadda ake gane inda laifin yake.

Manyan motocin ɗaukar kaya masu akwatin giya irin na Fuller, wanda kamfanin Eaton na Amurka ya saya a 1958, suna da giya hawa biyu, na ƙasa don nauyi da tudu, na sama don gudu. Iska ce ke canja hawan. Direba yakan motsa wani ɗan maɓalli a kan sandar giya, wannan ya sarrafa bawul ɗin da ke manne a gefen akwatin, shi kuma ya tura iska cikin silinda inda fistan ke kai da kawowa. Ana rage ƙarfin iskar zuwa wajen fam 60 kafin ta shiga, kuma hawan ba ya canjawa sai sandar tana firi.

To, in aka ji iska tana huci ba tsayawa, sai a cika tanki, a kashe inji, a sa wa ƙafafun mota waigi. Kana a shafa ruwan sabulu a bakin kowane tiyo. Inda kumfa ya taso, nan ne, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi.

Wuyar tana ga hucin da ke fitowa ta ƙofar fitar iska ta bawul ɗin kansa, gama nan ne makaniki mai gaggawa yakan yanke hukunci. Silindar nan tana da tiyo biyu, ɗaya na hawan ƙasa, ɗaya na sama, kuma guda kaɗai ke ɗauke da iska a lokaci ɗaya. In zoben roba da ke jikin fistan ya cinye, iska takan tsallaka zuwa ɓangaren da ba ya aiki, ta bi tiyonsa ta komo bawul ta fita. Watau bawul ƙofa ce kurum, ɓarnar tana can ciki. Saboda haka sai a kwance tiyon da ba ya aiki daga jikin silinda a saurara. In iska ta fito daga silinda, zoben roba za a sake, abu mai araha ƙwarai. In silinda ta yi shiru, bawul kuwa bai daina huci ba, sa'an nan laifin ya tabbata a kansa.

Kada a bar direba ya ce zai lallaɓa ya kai gari. Injin iskar da ke ciyar da giya shi ne ke ciyar da birki, kuma hawan da bai shige sosai ba yakan cinye haƙoran giya.