Hoton Mama da Ruwan Aidin: Wata Hanyar Gano Ciwon Daji

Ciwon dajin mama, wanda waɗansu ke kira sankara, shi ne dajin da ya fi kama mata a Nijeriya. A duniya baki ɗaya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kamar miliyan 2.3 aka samu da shi a shekarar 2022, kuma kimanin 670,000 suka rasu. Abin takaici shi ne yawancin matan Nijeriya ba su zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki, alhali tun yana ƙarami ake iya shawo kansa.

An daɗe ana amfani da hoton mama, watau mamogiram, domin gano ƙari tun hannu bai ji shi ba. Amma hoton yana da iyakarsa. Waɗansu mata, musamman masu ƙuruciya, naman mamansu yana da kauri, kitse kaɗan ne. Irin wannan nama fari yake fita a hoto, ƙarin ma fari yake fita, sai ya ɓuya kamar farar kaza cikin tulin auduga.

Domin maganin wannan ne aka ƙago ɗaukar hoton da ruwan aidin, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 2011. Dabarar ta dogara ne ga wani hali na ciwon kansa. Daji ba ya girma sai da jini, saboda haka yakan tsiro wa kansa sababbin jijiyoyi, waɗanda ba su da ƙwari, suna yoyo. Idan aka sa ruwan aidin cikin jini, sai ya taru a wurin fiye da sauran nama.

Ga yadda ake yi. Za a yi wa mace allurar ruwan a jijiyar hannu, a dakata kamar minti 2, sa'an nan a matse maman cikin na'ura kamar yadda aka saba. Kowace matsa hoto biyu ake ɗauka, ɗaya da haske mai sauƙi, ɗaya da mai ƙarfi. Kwamfuta ta haɗa su, ta shafe hoton lafiyayyen nama, ta bar inda aidin ya taru. Daga allura zuwa gamawa bai cika wuce minti 10 ba. Mace takan ji ɗumi ya ratsa ta, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, amma nan da nan yake wucewa.

Wani bincike da Jami'ar Kambirij ta jagoranta a Birtaniya, wanda aka buga a 2025, ya duba mata masu kaurin nama waɗanda hoton da aka saba bai nuna musu kome ba. Cikin kowace 1,000, wannan hanya ta gano daji ga kamar 19, na'urar sikanin kuwa kamar 4 kawai. Hoton maganaɗisu, watau MRI, ya yi kusan daidai da ita, sai dai ya fi tsada da cin lokaci.

Ba kowace mace ake yi wa ba. Mai ciki ba a yi mata. Mai ciwon ƙoda, da wadda ruwan aidin ya taɓa tayar mata da borin jini ko sarƙewar numfashi, lalle ne su shaida wa likita tun kafin allura; haka ma mai shan maganin ciwon sukari, domin ta ƙoda ruwan yake fita. Hasken da ke shiga jiki kuma ya ɗan ɗara na hoton da aka saba.

Aidin ya taru a wuri ba shi ne tabbacin daji ba, gama akwai ƙarin da ba ya cutarwa wanda shi ma yakan sha ruwan. Sai an tsakuro ɗan nama an duba shi a ɗakin gwaji kafin likita ya yanke hukunci. Na'urar kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Macen da ta ji ƙullutu, ko ta ga jini yana fita ta kan nono, ko fatar ta lotsa, ta je asibiti mafi kusa ba tare da jiran wannan hoto ba. Likita ne zai faɗi irin gwajin da ya dace da ita.