Rubutun Kasuwar Kusa Yana Hannun Wa?

Tun da hukumar NCC ta amince a watan Janairun 2025 kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, ake ta kukan tsada. A Kusa, bakin iyakar Jibiya, tsadar ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce WhatsApp ya zama littafin ɗan kasuwa: lambar mota, lissafin buhuna, farashin sefa na safe, lambar asusun abokin ciniki a Maraɗi, duk suna zube cikin hira. Maigida da yaronsa na zaune a rumfa ɗaya, amma layi biyu na rubutu ba zai isa wayar yaron ba sai ya bi ta kwamfutocin kamfani a ƙasar waje.

Jibiya ta san abin da wannan ke jawowa. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, aka kwashe watanni a haka. Mai hali ya koma layin Nijar, marar hali ya koma aike a bakin direba. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta tangarɗa, daidai makon da Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin Yamai.

Sauƙi ne ya kai mutane nan. WhatsApp ba ya neman saye, ba ya neman koyo, kuma kowa yana kai. Shi ya sa ba a tambayar inda rubutun yake kwana, sai ranar da aka sace waya ko ta faɗa ruwa, lissafin shekara ya tafi tare da ita.

Alhali rubutu zalla ba shi da nauyi. Hoto ɗaya na wayar zamani ya fi lissafin ɗaruruwan motoci cin wuri. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 kan dala 35, ta isa ta zama sabar da ƙungiyar dillalai za ta ajiye a ofishinta. A ɗora mata manhaja kyauta kamar PrivateBin, mai kulle rubutu tun daga wayar mai aikawa, a haɗa ta da wayifai na cikin gida da ƙaramar sola. Duk wanda ke kusa zai ajiye ya kuma karanta, ko da sabis ko babu.

Masu shakka suna da hujja. Ba tare da sabis ba, wannan na'ura ba za ta kai saƙo Ɗan Isa da ke tsallaken iyaka ba, ana iya sace ta, kuma dole a samu yaron da zai riƙa kula da ita yana kwafe abin da ke ciki. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan matsaloli ne da ƙungiya za ta iya magancewa da kuɗin kati na 'yan watanni, katsewar sabis kuwa ba a shawara da kowa a Kusa kafin a yi ta.

Ya kamata shugabannin dillalai da na direbobi a Jibiya su gwada irin wannan na'ura ko da guda ɗaya ce, tun sabis yana nan.