Ma'ajiyoyin Kwamfuta da Matsalar Suna a Hausa: Darasi daga Kafanchan

1.0 Gabatarwa

An saba kiran duk inda kwamfuta ke ajiye bayani da sunan "ƙwaƙwalwa". Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kalma guda ba ta wadatar ba, domin ma'ajiyoyin kwamfuta hawa-hawa ne, kuma kowace da aikinta.

2.0 Matakan Ma'ajiya

A tsarin da John von Neumann ya bayyana cikin 1945, umarni da bayanai a ma'ajiya ɗaya suke zama, sashen sarrafawa yana ɗaukowa yana aiwatarwa. Mafi kusa da wannan sashe su ne rajista da kash, masu matuƙar sauri amma ƙanana. Daga su sai RAM, wadda ke riƙe bayani a matsayin cajin lantarki mai tsiyayewa, don haka ake sabunta shi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Da zarar wuta ta ɗauke, abin da ke cikinta ya ɓace. Mataki na ƙarshe shi ne ma'ajiya ta dindindin, wato faifan maganaɗisu mai juyawa, ko kuwa filash, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa.

3.0 Misali daga Kafanchan

Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta koyar da kwamfuta a Kafanchan, inda zafi da ƙurar hunturu da yawan ɗaukewar wuta kan lalata na'urori. Cikin shekarun 2000 ta haɗa kai da kamfanin ExpLAN na Ingila wajen gwajin kwamfutar Solo, mai cin wat 8.5 kacal, wadda wutar hasken rana kan ishe ta. A cikinta filash ne ya maye gurbin faifai, saboda sassa masu juyawa sun fi saurin lalacewa a irin wannan yanayi.

4.0 Kammalawa

Ɗalibin da aka gaya wa cewa duka "ƙwaƙwalwa" ce, ba zai fahimci abin da ya sa rubutun da bai adana ba ya salwanta da ɗaukewar wuta ba. Saboda haka ana ba da shawarar a kira RAM "ma'ajiyar wucin-gadi", a kuma kira ma'ajiya ta dindindin "rumbu", tun da Bahaushe ya san bambancin hatsin da aka ɗebo don tuwon yau da wanda aka killace domin baɗi.