Ƙuri'ar Zaɓe Daban, Ƙuri'ar Raba-Gardama Daban

Akan ɗauka cewa idan jam'iyya ta ci zaɓe, to duk abin da ta kawo jama'a za su amince da shi. Ba lallai ba ne.

A da, Dikwa da Bama da Gwoza suna cikin Kamaru ta Arewa, wadda Ingila ke riƙo bisa yarjejeniyar amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko da yake daga Maiduguri ake lura da su. A watan Nuwamba 1959 aka tambayi mazan Kamaru ta Arewa: su shiga Jihar Arewa ta Nijeriya, ko a ɗage maganar? Jam'iyyar NPC, mai babban rinjaye a Kaduna, shiga take so. Amma mutum 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 kaɗai suka goyi bayanta. Da yawansu ba Nijeriya suka ƙi ba. En'e da hakimai ne suka ishe su, sai suka huce a akwatin ƙuri'a.

Aka yi gyara a En'e, aka sake tambaya a Fabrairu 1961, wannan karon har da mata. Nijeriya ta sami 146,296, Kamaru 97,659.